Ranar da Sharfu Ya Yi wa Motar Balarabe Bugu

Halima Sa'adiya, matar Dikko da muke raba kicin da su a fulat ɗin Al Qusais, ita ce ta fara tsegunta mini wannan magana, ranar Juma'a bayan la'asar, ina tsaye ina dama wa mai jego kunun kanwa. Sauran kuma na tsinta a bakin waɗanda aka yi abin a idonsu, har da shi mai laifin, don jikana ne, ni na goye shi, na san inda zan matsa ya faɗi gaskiya.

Sunansa Sharfuddeen, muna ce masa Sharfu. Direba ne a kamfanin wani Balarabe, Abu Rashid, shekara biyar ke nan. In dai tuƙi ne ba a yi masa gyara, ko fentin madubi bai taɓa gogewa ba. Ciwon Sharfu ɗaya ne, bai taɓa jin an ambaci wani aiki a duniya ya ce bai iya ba. In ana zancen jirgin sama, saura ƙiris ya zama matuƙi. In ana zancen ciwon haƙori, ya taɓa cire wa wani tela guda biyu a Fagge. A watan da abin ya faru, shekarar da ta gabaci korona, saura kwana goma bizarsa ta ƙare, sa hannun Abu Rashid kawai ake jira. A jikin bizarsa kuma ta matarsa Muhsinat take rataye, da ta jaririyarsu Rabi da na zo Dubai dominta. In Balarabe ya janye hannu, duk gida sai jirgi.

To, shi Abu Rashid yana da wata ƙatuwar mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da banɗaki, karafan suke ce mata. In zafi ya sauka da ita yake fita rairayi shi da danginsa. Duk tsawon bazara tana ajiye a filin bayan siton kamfani, taku kaɗan daga gidanmu. A gefenta hagu da dama akwai doguwar matakala da ake ɗora ƙafa a hau, an yi su da wani abu wai shi faiba, ba ƙarfe ba, ba katako ba, zaren gilashi ne aka ƙame shi da danƙo. Da can shuɗi ne mai duhu, mai ɗaukar ido. Ranar Dubai ta lashe su, sun koɗe sun yi furu-furu kamar ƙaurin yaron da aka yi wa wanka ba a shafa masa mai ba.

Ranar Lahadi da safe Abu Rashid ya tsaya a kansu, ya shafa da yatsa, yatsan ya fito fari. Ya miƙa wa Sharfu mukulli.

"Ka kai ta garejin ɗan Indiyan nan na bayan masallaci, ya dawo musu da launinsu. Juma'a bayan salla za mu fita, har da mahaifiyata."

Da Sharfu ya karɓi mukulli ya ce to, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Sai ya durƙusa ya ƙwanƙwasa matakalar, ya kasa kunne, ya girgiza kai irin na likita.

"Arbab, maigida, wannan ɗan aikin za a kai wa bare? Ai mu gidanmu a Kano gidan ƙyalli ne. Kakana in ya taɓa shadda, a jikinta za ka aske gemunka."

Balarabe ya ce, "Wannan ba shadda ba ce, habibi."

"Abu mai koɗewa duk ɗaya ne, Arbab. Ka bar mini. Ranar Juma'a sai ka sa tabarau kafin ka iya kallonsu."

Abu Rashid ya dube shi, ya dubi agogo. "Yalla, je ka yi. Lahadi mai zuwa ka tuna mini da maganar bizarka."

Gaskiya ne mijina marigayi mai bugu ne, shekara arba'in yana duƙe a kan gungume yana dukan shadda har ta yi ƙyalli. Amma Sharfu iyakar aikinsa a rumfar shi ne kai tuwo, ya zauna ya taya ci.

Mai gadin filin wani ɗan Ghana ne, Sualah, Hausarsa irin ta Zongo, kowane namiji "masa" yake kiransa, wato maigida. Shi Sharfu ya fara kamawa ranar Litinin.

"Sualah, man kaɗen nan da matarka take kawowa daga Tamale, akwai saura?"

"Akwai, masa. Ƙafa yana tsage maka ne?"

"Ba ƙafata ba, ƙafar mota. Duk abin da rana ta busar, mai yake nema. Wannan ilimi ne da Turawan da suka ƙera ta ba su kai ba."

Sualah ya kawo roba guda cike. Sharfu ya naɗe hannun riga ya mulke matakalan nan biyu tas, kamar ana yi wa amarya gyaran jiki. Kuma, Allah shi ne shaida, sun yi kyau. Shuɗin ya dawo, har da walƙiya. Nan take ya ɗauki hoto ya tura gurup ɗin Hausawan Dubai na waya, ya rubuta a ƙasa: Aikin Injiniya Sharfuddeen, masu karafan a yi layi. Ya ƙara da gayyatar kowa da kowa ranar Juma'a, a zo a ga yadda Balarabe zai rungume shi.

Ƙarfe tara ke nan na safe. Kafin azahar rana ta hau kan mai, mai ya narke yana ɗiga. Iska ta ɗebo yashi ta watsa masa, yashi ya samu wurin zama. Magunan unguwa suka ji ƙamshi, suka yi gayya. Da la'asar Dikko ya taso daga ofis, da kwat ɗinsa da jakarsa, ya biyo ya ga abin da aka cika musu waya da shi. Ya tarar da maguna shida suna lasa, Sharfu na korarsu da tsintsiya.

Dikko ya ce, "Injiniya, waɗannan ne masu karafan da suka yi layi?"

"Hassada ke nan. Ka taka ka ji laushi."

Dikko ya ɗora ƙafa ɗaya. Ƙafar ta yi gabas, shi ya yi yamma, jaka ta yi sama. Sai ga mutum zaune a ƙasa dirshan, takardunsa na bin iska.

Sharfu ya leƙa ƙasan takalmin. "Ka ga matsalar. Takalmin ofis ba na hawa karafan ba ne."

Dikko ya tashi yana dafe da ƙugu. "Sharfu, tsohuwa za ta taka wannan ranar Juma'a. Uwar mai sa maka hannu a biza. Ka kai wa ɗan Indiya tun da sauran mutunci."

"Wannan matakin farko ne, jiƙo. Kai ka taɓa ganin an rina kaya ba a jiƙa ba?"

Talata ya ce za a kankare. Ya kwashe soson ƙarfen da muke wanke tukwane da shi, ya haɗa da omo, ya dirje. Man kaɗe ya ce yana nan. Sai ya tafi shagon kayan gini ya sayo sanfefa, mai kaushin nan ta kafintoci, ya hau gurza yana waƙa. Mai ya fita, sauran shuɗin ya bi shi, fatar saman ma ta bi su. Farin gari ya tashi ya rufe shi tun daga gira har yatsun ƙafa, zare-zare suka fara leƙowa daga jikin matakala kamar gashin masara.

Sualah yana nesa, ya ja kujerarsa baya. "Masa, wannan ƙura ba shi da kyau fa."

"Dattin shekara uku ne yake fita. Yanzu take numfashi."

Bai san garin gilashi ba ne. Da magariba ya shiga sahu a masallacin unguwa, liman na karatu, Sharfu na susa. Ya sosa wuya, ya sosa haƙarƙari, ya goga ƙafa da ƙafa. Wani dattijo ɗan Pakistan da ke damansa, kafaɗa da kafaɗa, kafin ruku'u shi ma ya fara. Na hagunsa ya ɗauka a raka'a ta biyu. Da aka sallame, mutum huɗu suka juyo suna dubansa, hannuwansu dai na aiki.

Ya shigo gida ya nufi jaririya, Muhsinat ta tare ƙofa da ƙafa.

"Baban Rabi, ina za ka da wannan jikin? Me ka kwaso?"

"Alamar aiki ce. Masu sana'a duk haka suke."

"To masu sana'a a falo suke kwana."

Ni a lokacin ban san komai ba, an ɓoye mini. Na dai ce masa, "Angona, masussuka ka je ka yi birgima?" Ya ce canjin yanayi ne. Na ba shi sabulun salo na ce ya wanke canjin yanayin.

Laraba Dikko ya sake yi masa magana a bakin lif, ya ce shi zai raka shi gareji, kuma ba zai faɗa wa kowa ba. Saura ƙiris Sharfu ya yarda, don Allah ya sani matakalan nan sun fi yadda aka ba shi muni sau goma. Sai wayarsa ta yi ƙara, wani a gurup yana tambaya ko Injiniya yana karɓar ƙananan motoci. Shi ke nan, kai ya sake kumbura.

"Dikko, kai boko ka yi, ni gado na yi. Yau rini, gobe bugu."

Ya hau jirgin ƙasa ya je Abu Hail wurin wata 'yar Kano mai sayar da shadda, ya sayo garin rini shuɗi, da sitaci, da ƙaro. Ya dafa su a tukunyar miyar Halima Sa'adiya tana wurin aiki, ya sauko da ita filin da tsumma. Ya shafa, rini ya gangare ƙasa kamar ruwa a bayan agwagwa. Ya ƙara sitaci ya yi kauri kamar talge, ya lafta da ludayi. Wannan karon ya zauna, ya bushe ya yi gaɓa-gaɓa, ba ƙyalli ko na anini.

Sualah ya zagaya ya duba. "Ya yi kamar bangon bayan gida a Nima, unguwarmu can gida."

"Haka shadda take kafin ta je hannun masu bugu. Ƙyalli ba shafa shi ake ba, Sualah, duka ne yake fito da shi. Yana nan a ciki yana barci."

Alhamis da hantsi ya same ni a kicin ya ce wai matar Sualah na son aron taɓarya. 'Yar taɓarya ce ta ƙirya da na taho da ita daga Kano a cikin akwati, da turminta, don dakan yajin jego. Na ba shi, na ce a dawo mini da ita kafin la'asar.

Ya shimfiɗa buhu a gefen mota, ya tanƙwashe ƙafa irin zaman kakansa, ya ɗaga taɓarya da hannu biyu. Tim. Tim. Har da kaɗa kai, har da 'yar waƙar masu bugu, wadda rabinta shi ya ƙirƙira a wurin. Direbobin manyan motoci suka sauko suka kewaye shi. 'Yan matan Filifin da ke benen sama suka fito baranda da wayoyi. Wani ɗan Bangaladash mai kai kaya a babur ya manta da abincin mutane ya tsaya.

Wani ya tambaya, "Me yake yi?"

Sualah ya ce, "Yana tada ƙyalli daga barci."

Sharfu ya ga jama'a, ƙarfi ya ƙaru. Ya fara bayani da Larabci da Turanci da Hausa a haɗe, yana duka yana lacca, wai wannan fasaha ta fi shekara ɗari biyar, wai sarakuna da ita suke ado. A duka na talatin da wani abu, matakalar dama ta ce ƙas. Tsaga ta tashi daga tsakiya ta tafi har wurin ƙusa.

Sharfu ya duƙa ya leƙa tsagar, ya ɗago da murmushi.

"Madalla. Ta buɗe. Yanzu rini zai shiga ciki sosai."

Ɗan Bangaladash ya hau babur ɗinsa ya tafi yana waiwaye.

Da jama'a suka watse ya zauna ya yi tagumi. Garejin ɗan Indiya ga shi can ana hango rufinsa, ba a tashi ba tukuna. Ya tuna jaririya, ya tuna jirgi, har ya miƙe ya laluba mukulli a aljihu. Sai kuma ya tuna mutum sittin da ya gayyata. Ya mayar da mukulli. Ya haura sama ya kwance igiyar shanyar Halima Sa'adiya daga baranda, ya zube mata kayan a kujera. Ya shiga ƙarƙashin mota ya ɗaure tsagar ta ƙasa, ƙulli bakwai. Ya tokare da gwangwanin madara biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ya cusa ƙaro da sitaci a ramin, ya lafta rini a kai.

Sualah ya leƙa. "In mota ya tashi, gwangwani zai bi shi har rairayi?"

"Kafin ta tashi ai ta warke."

Juma'a da safe ya duba, babu ƙyalli har yanzu. Sai ya ɗauko ragowar man kaɗe ya shafe saman rinin, shwaiya shwaiya, wato kaɗan-kaɗan, wai ɗan na ganin ido kawai. Suka ɗauki walƙiya. Ya saka babbar rigarsa ta ranar suna, ya kafa hula, ya tafi masallaci yana taku ɗai-ɗai.

Ana saukowa daga salla filin ya cika. Hausawan gurup sun zo, masu salari da ɗalibai, wasu har daga Al Khabaisi. Dikko na gefe ya harɗe hannu. Halima Sa'adiya ta sauko neman igiyarta da tukunyarta, sai ta tarar da biki. Sharfu ya tsaya a gaban mota yana amsa gaisuwa, yana sosa wuya a ɓoye. Rana kuwa tun ƙarfe goma take kan man kaɗe tana aikinta.

Motoci uku suka shigo. Abu Rashid ya fito da ƙannensa biyu, kowanne cikin kandura, farar jallabiyar nan tasu da ko ƙuda ba ya sauka a kai. Tsohuwar tana bayan mota ta sauke gilashi tana kallo.

Sharfu ya tare shi da hannu biyu. "Arbab, ina tabarau? Na faɗa maka."

Abu Rashid ya matso. Daga nesa abin ya yi masa kyau, har ya ce masha Allah. Da ya ƙara taku biyu sai hancinsa ya motsa.

"Me yake wari kamar kicin?"

"Sinadari ne, daga Afirka ake kawo shi. Ba a samunsa a nan."

"Me ya sa maguna suke bin mota?"

"Suna son abu mai kyau, Arbab."

Ɗaya ƙanen ya je zai buɗe wa tsohuwa ƙofa. Abu Rashid ya ɗaga masa hannu ya ce a dakata, shi zai fara takawa. Wannan ɗaga hannun shi ne rahamar da Allah ya yi wa gidanmu a ranar. Dikko ya buɗe baki zai yi magana, Sharfu ya taka masa ƙafa.

Balarabe mutum ne mai jiki. Ya kama ƙofa, ya ɗora ƙafar dama, ya saki nauyi. Igiyar shanya ta tsinke. Gwangwani ɗaya ya yi tsalle ya gangara har gaban jama'a yana ƙara. Matakala ta rabe biyu, ƙafa ta zurma har gwiwa. Ya kai ɗaya ƙafar don ya tsaya, ta sauka a kan man kaɗe, ta wuce abinta. Ya zauna daɓas a kan rabin da ya rage, ya zame a hankali har ƙasa, yana share rini da mazaunansa. Ƙannen suka ruga suka ɗaga shi, ya kama su, su ma suka samu rabonsu. Kandura uku, babu wadda ta tsira. Ta Abu Rashid kuwa daga ƙugu zuwa ƙasa ta zama shuɗiya, har da zanen yatsu biyar a ƙirji.

Halima Sa'adiya ta duƙa ta ɗago guntun igiya. "Wannan ai tawa ce."

Babu wanda ya yi dariya da farko, sai tsohuwar cikin mota. Ita ce ta fara, kafaɗunta na rawa, tana buga gilashi da tafin hannu. Daga nan jama'a suka sake. Wasu suka juya baya don kunya, bayan nasu na girgiza.

Ko a nan da Sharfu ya ce a yi haƙuri, da wataƙila an wuce wurin. Sai ya gyara babbar riga.

"Arbab, kar ka damu da wannan. A wurinmu in rini ya kama jikin mutum, shi ne shaidar na asali ne. Manyan mutane nema suke ya taɓa su. Buzaye har a fuska suke barinsa."

Abu Rashid ya dubi kandurarsa, ya dubi Sharfu, ya sosa ƙaurinsa inda zaren faiba ya shige shi. Bai ɗaga murya ba.

"Khalas, an gama. Ba ni mukulli. Lahadi ka kawo fasfo ofis, naka da na iyalinka."

Duk wanda ya zauna a Dubai ya san abin da ake nufi in an ce a kawo fasfo da irin wannan murya, soke biza ke nan. Dariya ta ɗauke. Motoci uku suka fita, karafan na tsaye da haƙori ɗaya a karye. Mutum sittin suka watse, kowa na duba wayarsa.

Wannan shi ne abin da Halima Sa'adiya ta shigo ta faɗa mini, ta ajiye mini taɓaryata a kan tebur, taɓaryar ta koma shuɗiya har wuya. Muhsinat na ɗaki ta ji komai, ta rungume 'yarta ta juya wa bango fuska. Shi kuwa gogan ya shigo yana cewa wai Larabawa ba su san darajar aikin hannu ba, dama yana da niyyar buɗe nasa kamfanin. Na ce masa ya ci abinci, don ban taɓa yi wa mai jin yunwa faɗa ba. Ya zauna ya sa hannu a tuwo, yana ta juya loma ɗaya. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Na ƙara masa miya.

Washegari Asabar, ana idar da sallar asuba na ɗaura zani na yafa mayafin unguwa. Na cika roba da dambun naman da na kawo wa mai jego. Na ƙwanƙwasa wa Dikko na ce ya zo ya yi mini tafinta, don a Sudan ya yi karatu. Sharfu ya ce ai shi ma yana jin Larabci kamar ruwa.

Na ce, "Kai in na faɗi kalma uku huɗuba za ka mayar da su. Kai dai tuƙa mu a motar Dikko. Daga nan har mu dawo bakinka na hannuna."

Muka tarar da Abu Rashid a falonsa, ƙafa ɗaya a kan matashi, an shafe ta da magani. Tsohuwar na gefensa da butar gahawa. Na gaishe ta, na ajiye dambu a gabanta, na zauna a ƙasa. Ta ce in hau kujera, na ce sai na gama abin da ya kawo ni.

Na ce, "Dikko, faɗa masa. Wannan yaron nawa ne, ni na lalata shi. Bai iya komai ba a duniya sai tuƙi. Bai iya rini ba, bai iya bugu ba, haƙorin da yake cewa ya cire ma ƙarya ne. Amma shekara biyar yana ɗaukar 'ya'yanka, ka taɓa jin ya taka birki da ƙarfi? Akwai jaririya a gida ko arba'in ba ta yi ba. Ka riƙe hannuwan, ni zan ji da bakin."

Dikko ya juya masa maganar da Larabci. Abu Rashid ya ɗaure fuska ya fara jawabi, wai an kunyata shi a gaban jama'a, wai da mahaifiyarsa ce ta taka fa. Gaskiyarsa ce, na sunkuyar da kai. Sai tsohuwar ta katse shi da wata doguwar magana, tana nuna shi da kofin gahawa. Dikko ya fara danne dariya.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce ita ma tana da irinsa, ga shi nan zaune. Wai yana saurayi ya ce ya iya gyaran keken ɗinki, ya kwance mata nata gaba ɗaya, har yau yana cikin kwali a sito. Ta ce ita ba ta kore shi daga ƙasar ba."

Abu Rashid ya ce, "Yumma," wato inna, a hankali, yana kallon silin. Ta ɗebi dambu ta kai baki, ta ce masa wani abu gajere. Ya ja numfashi, ya laluba aljihu ya jefa wa Sharfu mukulli.

Sharaɗi biyu ya kafa. Yau ɗin nan a kai karafan garejin ɗan Indiya, Sharfu ya tsaya yana riƙe masa bokiti har a gama. Kuma daga yau, a cikin duk abin da Abu Rashid ya mallaka, sitiyari kawai aka yarda ya taɓa. Fasfo a kawo Lahadi, za a buga biza.

Sharfu ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe. Ya durƙusa ya yi godiya da kai kawai. Tsohuwar ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba, ba na jin yarenta, ba ta jin nawa.

A hanya mun wuce fitila biyu lafiya. A ta uku ya gyara madubi ya yi gyaran murya.

"Kaka, kin san ai in na ga yadda ɗan Indiyan nan yake yi sau ɗaya tak, to Dubai gaba ɗaya..."

Na sunkuya na cire takalmina na dama, na ɗora shi a kan cinya. Bai ƙarasa ba. Haka muka iso Al Qusais, na shiga lif ƙafa ɗaya ba takalmi, yana bayana yana riƙe mini jaka.